Kafin a rubuta dokar gini a Birni, a tambayi masu kwana a ciki

Tun ranar da tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe da ruwan saman watan Satumba na 2024, maganar kare tsofaffin gine-ginenmu ta dawo bakin jama'a. Kowa na cewa a kafa ƙa'ida. To, amma wa zai zauna ya rubuta ta?

Bari mu ɗan koma baya. Hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar kare kayan gado na duniya a 1972, Nijar ta shiga a 1974, kuma dokarmu ta cikin gida mai lamba 97-022 ta fito ranar 30 ga Yuni 1997. A wancan zamani aikin na masana ne da ma'aikatan gwamnati: su zo su auna, su ɗauki hoto, su koma biro su rubuta. Sai a 2007, a taron Christchurch na ƙasar Niyuzilan, kwamitin ya ƙara al'ummar wuri cikin manyan manufofinsa. Shekara 35 ke nan kafin a tuna da masu gidan! A 2015 ma aka ƙara cewa inda akwai al'ummomin asali, sai an yi musu cikakken bayani sun yarda da kansu kafin a kai sunan wurinsu.

Agadas ce ta riga mu shiga wannan hanya. A watan Yuni na 2013 tsohon garin ya shiga jerin kayan gado na duniya, da unguwanninsa 11, da fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsawon mita 27. Takardar shigar ta ambaci abubuwan da ke ɓata garin: bulon siminti, rufin kwano, wayoyin lantarki da suka yi saƙa a sama, da manyan tallace-tallace da ake zanawa a bango. Gaskiya ne suna ɓata ido. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin azara cikin watan Agusta ya san dalilin da ya sa maƙwabcinsa ya sayi kwano. Yaɓe kowace shekara kuɗi ne, azara ta yi wuya, maginan da suka iya aikin suna raguwa. In ka hana mutum siminti ba ka tanadi mai kama masa yaɓe ba, wallahi da dare zai yi gininsa, ko ya kulle gidan ya koma sabuwar unguwa, damina biyu ta gama da shi.

Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin jiran UNESCO tun 2006. Ranar da za a tashi rubuta ƙa'idar, kiran masu unguwa zauren taro a karanta musu takarda da Faransanci, a tafa, a watse, wannan ba shawara ba ce a ganina. A fassara daftarin da Hausa, a karanta shi a rediyo, a ba da wa'adi kafin a sa hannu. A shiga unguwa-unguwa, a ji bakin magina, a ji na mata, don su ne ke tare ruwa da roba in ɗaki na yoyo. Magada ma a neme su, gida ɗaya a Birni kan haɗa mutane da yawa, wasu suna Yamai, wasu Kano.

Ku mutanen Birni da Zango, in aka zo ƙofarku da wannan takarda, me za ku fara tambaya?