Gadar Sama da Mai Tafiya a Ƙasa: Tsokaci a kan Makomar Sufuri a Birnin Kano

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a tsakanin injiniyoyi da masu tsara manufofin gwamnati a Kano, wanda ke cewa maganin cunkoson birnin a bayyane yake: a ƙara gadojin sama, a fitar da A Daidaita Sahu daga manyan tituna, in aljihu ya yi nauyi kuma a shimfiɗa layin jirgin ƙasa na cikin gari. A 'yan shekarun nan an yi wa ra'ayin kwalliya da batun kare muhalli, wato a maye motocin fetur da masu amfani da lantarki ko iskar gas. A ganina wannan tsari ya fara lissafi daga inda bai kamata ba. Yana ƙirga abin hawa nawa ne suka wuce mahaɗa a cikin awa ɗaya, alhali abin da ya dace a ƙirga shi ne mutum nawa ne suka isa inda za su, a kan nawa, kuma da lafiyarsu.

Tarihin sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da babur mai ƙafa uku, wato A Daidaita Sahu, a 2005 domin ɗaukar mata. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, sai A Daidaita Sahu ya gaji fasinjojinsa. Daga lokacin zuwa yau gwamnatoci uku a jere sun zuba kuɗi a gadoji: Ƙofar Nassarawa da Kabuga a zamanin Kwankwaso, Dangi da Hotoro da doguwar gadar Sabon Gari a zamanin Ganduje, sai Tal'udu da Ɗan'agundi a gwamnatin Abba Kabir Yusuf. Duk saɓanin siyasar da aka samu tsakaninsu, a kan gada bakinsu ɗaya.

Hujjar da masu sukar gadoji suka saba kawowa ita ce faɗaɗa hanya na janyo ƙarin motoci har cunkoson ya koma yadda yake (Downs 1962, Duranton da Turner 2011). Zan so in jingina da ita, amma ba za ta ɗauki nauyina duka ba. Biranen Amurka aka nazarta, inda kusan kowane gida ke da mota a ajiye tana jiran a buɗe hanya. A Kano mai mota shi ne tsiraru, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, da yawa daga cikin tsirarun ma sun jingine motocinsu. Saboda haka ba zan ce kowace gada za ta cika cikin shekara biyar ba. Iƙirarina ya fi wannan ƙanƙanta, kuma ina jin ya fi shi wuyar tunkuɗewa: ko da gadar ta yi aikin da aka gina ta dominsa, ba mafi yawan masu bin wurin take yi wa aiki ba.

Duk wanda ya tsaya a gindin ɗaya daga cikin gadojin nan da misalin ƙarfe biyu na rana zai ga abin da nake nufi. A sama motoci na wucewa ɗai-ɗai a guje. A ƙasa, inda ake saukewa da ɗauka, nan rayuwa take a cushe: ɗan sahu ya tsaya a karkace yana neman cikon fasinja ɗaya, ɗan dako na tura kura da kwalaye sun fi shi tsawo, 'yan makaranta sun riƙe hannun juna suna jiran tazarar da za su ruga. Mace mai goyo da ƙullin cefane, wadda a da take tsallaka titin a danja cikin minti ɗaya, yanzu shingen kankare ya raba hanyar biyu, sai ta yi tafiya mai nisa cikin rana kafin ta samu kafa, ko ta haura shingen da ɗa a baya. Wanda ke kan keken guragu ba shi da zaɓi na biyun. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Hanyar da ke ƙara wa mota gudu a tsakiyar unguwa tana ƙara wa waɗannan mutane haɗari, ko da ta rage wa direba minti goma.

Wani abokin aikina, injiniyan hanyoyi da nake girmama iliminsa, ya daɗe yana ja da ni a kan wannan, kuma sukarsa ta cancanci a zauna mata. Ba ya kare gada sosai. Abin da ya tsaya a kai shi ne A Daidaita Sahu. Lissafinsa mai sauƙi ne. Babbar bas ɗaya na ɗaukar mutum sittin. Kafin a kwashe waɗannan da keke mai ɗaukar huɗu sai an jera goma sha biyar, kowanne da injinsa da hayaƙinsa da filin da yake ci, kowanne kuma yana tsayawa inda aka ɗaga masa hannu. Babu birni mai miliyoyin mutane, in ji shi, da ya taɓa warware matsalar sufurinsa da abin hawa mai kujera huɗu. Yakan ƙara da magana mai zafi: malaman jami'a da ke yabon ɗan sahu a takarda a motarsu suke zuwa aiki, kuma yabon nasu ƙawata talauci ne.

Lissafin daidai ne, ba ni da ja a kansa. A kan titin Zariya, da na Katsina, da na Haɗeja, da na Gwarzo, inda dubban mutane ke tafiya wuri ɗaya a lokaci ɗaya, bas ta fi keke ta kowace fuska. Inda muka rabu shi ne abin da za a fara yi. Shi yana ganin a kori keken tukuna, bas ta samu fili da kasuwa. An gwada hakan. A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin jihar ta sanar da hana A Daidaita Sahu bin wasu manyan hanyoyi, ciki har da ta Tal'udu zuwa Gwarzo, bisa hujjar cewa ta kawo bas-bas ɗari. Kafin mako ya zagayo aka janye dokar. Watanni kafin nan, a Janairun shekarar, 'yan sahu sun yi yajin aiki na kwanaki kan kuɗin sabunta takardun izini, garin ya koma tafiya a ƙasa. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna abin da lissafin kujeru ke ɓoyewa: keken nan shi ne babban tsarin sufurin jama'a da Kano ke da shi a yau, kuma 'yan kasuwa ne suka faɗaɗa shi da kuɗinsu bayan bas-bas na gwamnati sun ƙare a gareji. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Akwai kuma abin da bas ba za ta taɓa yi ba. Ba za ta shiga lungunan cikin birni ba, ba za ta kai majinyaci ƙofar gida a Kurna ko Rimin Kebe da dare ba, ba za ta ɗauki dilar atamfa daga Kantin Kwari ta sauke a bakin shago ba. Fasinjan da abokina ke ƙirgawa a matsayin kujera ɗaya sau da yawa mutum ne da kaya da yara. Sannan bas da aka sako cikin cunkoso ɗaya da kowa ba ta da wani fifiko: ta fi keke jinkirin cika, ta fi shi wuyar kurɗawa. Wanda ke sauri zai bar ta, kuɗin shiga ya ragu, gyara ya gagara. Abin da ya sa tsarin bas na Kuritiba (1974) da na Bogota (2000) da na Legas (2008) suka yi aiki shi ne an ware wa bas layinta da shinge, ba mai shiga. Filin wannan layi kuwa daga hannun masu motoci ake karɓar sa. Ina zargin a nan ne ainihin wahalar take, don gada ba ta karɓe komai daga hannun mai mota, layin bas kuwa yana karɓa, kuma masu yanke shawara masu motoci ne.

Game da zargin ƙawata talauci, amsata ita ce biranen Afirka da suka ci gaba a wannan fanni sun yi ne tare da masu tsohuwar sana'ar. A Legas ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta gudanar da bas-bas na layin farko daga Mile 12 zuwa CMS. A Johannasbag masu ƙananan bas na haya sun zama masu hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da Rea Vaya, wanda ya fara aiki a 2009. A Dakar tun 2005 aka haɗa masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi, aka ba su rancen sababbin bas, tun kafin a buɗe layin bas mai lantarki a 2024. Ba a yi wannan don tausayi ba. Wanda ke riƙe da fasinja a yau yana iya kashe sabon tsari in an bar shi a waje, kuma ya fi kowane mai ba da shawara daga ƙetare sanin inda mutane ke tashi da inda suke sauka.

Batun jirgin ƙasa ba zai ɗauke mu lokaci ba. Kwangilar da aka sanar a Kano a 2016, ta kusan dala biliyan biyu, ba ta haifar da layi ba. Na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai 2024, kuma tashoshinsa sun yi nisa da unguwannin da ma'aikata ke kwana. Wata rana Kano za ta buƙaci jirgi. Sai dai kuɗin kilomita ɗaya nasa zai gina kilomitoci da yawa na layin bas, kuma layin bas ɗin ne zai nuna a wace hanya fasinja suka kai yawan da zai biya jirgi.

Lantarki da iskar gas su ma ina maraba da su, da sharaɗi. Mota mai lantarki da ke ɗauke da mutum ɗaya tana cin fili daidai da mai fetur, kuma mai tsallaka titi bai tsira daga gare ta ba. Idan akwai abin hawan da ya dace a fara mayarwa lantarki a Kano, ina ganin keken nan ne da ake son kora: batirinsa ƙarami ne, tafiyarsa gajera ce, ana iya musanya batir a tasha kamar yadda 'yan acaɓa ke yi a Kigali, kuma man fetur shi ne babban abin da ke cinye cinikin ɗan sahu. Hayaƙin da abokina ke kuka da shi zai ragu a daidai wurin da jama'a ke shaƙar sa.

Tsarin da nake karewa, ke nan, shi ne a ware layin bas a kan babbar hanya ɗaya, ta Zariya misali, daga Unguwa Uku zuwa tsakiyar gari. A gina wurin tafiyar ƙafa mai inuwar itatuwa da wuraren tsallakawa a ƙasa, domin zafin Afrilu na haura digiri 40 kuma kowace tafiya da ƙafa ake fara ta. A ba 'yan sahu tashoshi a bakin kowace matsayar bas su riƙa kai mutane cikin unguwanni. Sai bas ta fara zuwa a kan lokaci tukuna a yi maganar taƙaita keke a wannan hanya.

Akwai gurbi ɗaya da misalan Legas da Dakar ba su cike mini ba. Da yawa daga cikin 'yan sahun Kano ba su ne masu keken ba. Wasu na kai wa mai shi kuɗi kullum da yamma, wasu na biya kaɗan-kaɗan har su mallaka, a farashin da ya ɗara na kasuwa nesa. Idan aka raba hannun jarin kamfanin bas bisa takardar rajistar keke, zai faɗa hannun mai keke ashirin da ke zaune a gida, matashin da ke tuƙi tun asuba ya tashi a tutar babu, kuma bas ɗaya ba za ta ɗauki direbobi goma sha biyar aiki ba. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, na da rajistar kekuna da direbobi; kafin a zana ko da mita ɗaya na layin bas, ya kamata a tantance daga cikinta nawa ne ke tuƙa nasu, nawa ne ke tuƙa na wani, nawa ne kuma bashin keken ke kansu har yanzu, domin a kan wannan rabe-raben ne za a tsara wa za a ba jari, wa za a horar ya tuƙa bas, wa kuma za a bar masa hanyoyin cikin unguwa.