Ina Ribar Riɗi Take Kwana? Nazari a Kan Zuba Jari a Ƙasar Gumel

Wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da kaka zai ga kuɗi suna yawo a fili: buhunan riɗi jibge, zoɓo a gefe, 'yan awo suna kiran farashi, manyan motoci suna jiran lodi zuwa Kano. Mai jari yakan yanke hukunci nan take cewa harkar riɗi akwai samu. Hukuncin daidai ne, sai dai bai isa a zuba kuɗi a kansa ba. Daga gonar da ke Sule Tankarkar zuwa injin matsar mai a Japan, riɗi yana bi ta hannuwa da yawa, kuma ba a kowane hannu riba take tsayawa ba. Abin da wannan maƙala take son kafawa shi ne, a ƙasar Gumel ribar riɗi ta fi taruwa a wurare uku: wurin mai iya jira, wurin mai tsaftacewa, da wurin mai riƙe da yarjejeniyar mai saye na ƙetare. Jarin da aka zuba ba tare da an auna waɗannan ba, ko na ɗan kasuwa ne ko na gwamnati, yakan faɗa inda hada-hada ta fi yawa, ba inda riba take ba.

A 1998 Orit Gadiesh da James Gilbert na kamfanin Bain suka wallafa wani nazari a mujallar Harvard Business Review, suka nuna cewa a harkar motoci a Amurka ƙera mota da sayar da ita su ne suka fi jan kuɗin shiga, amma wani babban kaso na riba yana wajen masu ba da bashin sayen mota, da masu ba da haya, da kamfanonin inshora. Shawararsu ita ce a zana sana'a gaba ɗaya, mataki mataki, a ƙiyasta ribar kowane mataki kafin a zaɓi inda za a tsaya. Tsarin nasu ya dogara da kamfanoni masu littattafan lissafi da ake bincika duk shekara. Dillalin Maigatari ba ya wallafa rahoto, lissafinsa yana kansa ko a wani ƙaramin littafi cikin aljihun riga. Saboda haka tambayar tasu tana da amfani a wurinmu, amma hanyar amsa ta dole mu sake ta.

Tarihin yankin ma ya riga ya koyar da darasin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma, wanda ya ratsa ta Gagarawa, ya kammala wajen 1930. Gyaɗa ta mamaye gonaki, aka gina dala. Manoma suka yi wahalar, amma dukiya ta taru wurin kamfanonin Turawa irin UAC, da wakilan saye irin Alhassan Dantata, daga baya kuma wurin hukumomin sayen amfanin gona waɗanda ba a rushe su ba sai 1986. Masu lasisi, masu sikeli da masu tsabar kuɗi a hannu ranar da manomi yake bukata, su suka kwashe. Mai bincike Polly Hill ta ga irin wannan a ƙaramin ma'auni a Ɓatagarawa: cikin littafinta na 1972 ta nuna cewa manomi mai hali yana fin talaka ne har da ikon riƙe hatsi zuwa lokacin tsada, yayin da talaka yake sayarwa da kaka ya dawo ya saya da bazara.

To, yaya za a ƙiyasta riba inda babu littattafai? Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a bi buhu guda tun daga gona. A kowane hannu a tambayi mai saye da mai sayarwa dabam-dabam, domin kowa yakan rage abin da ya samu ya ƙara abin da ya kashe, gaskiya tana fitowa ne idan an gwama bakunan biyu. A cire kuɗin mota, da la'ada, da kuɗin dako, da harajin kasuwa, da abin da ake bari a shingayen hanya, da raguwar nauyi bayan an rairaye. Sannan a yi tambayar da aka fi mantawa: kwana nawa kuɗin suka yi a ɗaure? A ɗauka, don misali kawai, ɗan sari yana samun naira 3 a kan kowace 100, amma yana juya kuɗinsa duk mako tsawon makonni goma sha biyu na kaka. Ya tara 36. Wani kuma ya kulle kaya a sito wata shida ya samu 30 a kan 100. A idon kasuwa na biyun ne ya ci babbar riba, a lissafi kuwa na farkon ya fi shi, kuma ya fi shi kwanciyar hankali.

Idan aka yi wa manomi wannan lissafi, sai a ga rabonsa bai kai yadda ake zato ba. Gaskiya ne shi ne yake karɓar kaso mai tsoka na farashin buhu, amma a sa wa gumin iyalinsa kuɗi kamar yadda za a biya ɗan ƙwadago, a cire taki da iri da huɗa, abin da ya rage sai ya tsuke. Ga shi kuma yana sayarwa a makonnin da kowa yake sayarwa, saboda bashin damuna, da kuɗin makaranta, da bikin da aka ɗage zuwa kaka.

Dubi yadda ake girbin. A yanke riɗi kafin kwanson ya buɗe, a ɗaure dami-dami a jingina su tsaye su bushe, sannan a kifa a kakkaɓe. Wanda yake da tamfol yana samun ƙwaya mai haske. Wanda ya kakkaɓe a kan ƙasa, a wannan jigawa tamu mai yashi, ya haɗa da rairayi da tsakuwa da karmami. Mai awo yakan zura hannu cikin buhu ya damƙo, ya watsa a tafinsa, ya hura, ya duba abin da ya saura, daga nan ya rage farashi, kuma ragin da yake yi yakan wuce dattin da ya gani, don ya kare kansa. Tazarar da ke tsakanin wannan buhu da wanda mai saye na waje yake nema, mai tsabtar 98 ko 99 cikin 100, ita ce riba ta farko. 'Yan kasuwar ƙetare sun san nau'in da suke kira riɗin Maigatari da sunansa, amma kaso mai yawa kasuwar Dawanau ta Kano yake nufa a sa shi a inji. Ana biyan kuɗin mota a kai yashin Gumel Kano a zubar, ladan tsaftacewar kuma ya zauna can. Wannan yana damuna, domin injin rairaya da cire tsakuwa ba ya cikin manyan injuna masu tsada.

Riba ta biyu ta mai jira ce, kuma a nan ake yawan ruɗuwa. Riɗi busasshe yana jure ajiya fiye da wake, shi ya sa ake sha'awar tara shi. Amma wanda ya ajiye kaya tsakanin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, da Fabrairun 2024 da ta haura 1,500, ya ga farashi ya yi tsalle, alhali yawancin ƙarin faɗuwar naira ce kawai. Ya tsare darajar dukiyarsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba gwanintar da za a maimaita kowace shekara ba ce. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa 27.5 cikin 100 a shekara. Mai ajiya da bashin banki dole farashi ya tashi fiye da ruwan da zai biya na watannin ajiyar kafin ya ga kobo. Ribar jira ta mai kuɗin kansa ce, ko ta ƙungiyar da ta samu jari mai sauƙi.

Riba ta uku, wadda nake ganin ta fi kauri, tana wurin wanda mai saye a Japan, Sin ko Turkiyya ya amince da shi, yake kuma da takardun shaidar ingancin kaya. Zoɓo ya nuna nauyin wannan. Lokacin da Meziko, babbar mai sayen zoɓon Najeriya, ta dakatar da shigo da shi saboda ƙwari, kayan suna nan, manoman Jigawa suna nan, amma kasuwa ta mutu na wasu shekaru, sai da aka daidaita kan yadda za a riƙa yi wa kaya turaren kashe ƙwari. Haka Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari. Ɗakin gwaji da takarda suna iya buɗe kasuwa ko rufe ta. Sai dai wannan mataki yana son jari mai nauyi da shekarun gina amana, ba inda sabon mai jari zai fara ba ne.

Za a ce me ya hana a kafa masana'antar matsar man riɗi, tunda kullum ana kiran a daina fitar da ɗanyen kaya? Ina girmama manufar, amma lissafin bai goyi bayanta ba tukuna. Manyan masu saye suna da injunansu a ƙasashensu, ƙwaya suke so. A gida kuma man riɗi ya fi man gyaɗa da manja tsada. Masana'antar za ta sayi kayan shekara guda cikin 'yan watannin kaka a farashin da masu fitarwa suke biya, ta kuma ciyar da janareto. Yankin ciniki maras haraji da aka kafa a Maigatari zamanin Gwamna Saminu Turaki yana da hujja mai kyau, wato kusanci da Damagaram, amma an rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Duk ƙiyasin da ya dogara da kayan tsallake dole ya sa irin waɗannan watanni cikin lissafi.

Akwai kuma mai cewa ajiya ɓoye kaya ne, abin da shari'a ta yi hani a kai. Hanin ya fi shafar abin da riƙe shi zai cutar da jama'a, kamar gero da dawa a lokacin yunwa. Riɗi galibi na fitarwa ne, kuma idan ƙungiyar manoma ce take ajiye nata, ribar jiran tana komawa ga wanda ya noma. Fiƙihu ma ya tanadi hanyoyi: cinikin salam, inda ake biyan manomi tun da damuna kan kaya masu siffa da ma'auni sananne, da ƙiradi tsakanin mai kuɗi da mai juya su. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, an gina su ne don irin waɗannan ƙulle-ƙulle.

Mai matsakaicin jari a Gumel ko Gagarawa zai fi samun sa'a idan ya fara da sito busasshe kusa da kasuwa, da sikeli na gaskiya, da injin tsaftacewa, ya raba wa manoman da yake hulɗa da su tamfol kafin girbi, ya kuma biya ƙari a fili kan riɗi mai tsabta. Daga nan zai iya sayar wa masu fitarwa kai tsaye da kilo, a farashin kayan da aka gama gyarawa, yana rubuta lissafin kowace kaka don ya ga ko tazarar tana nan ko wasu sun shigo sun cike ta.