Azurfa a Hannun Masu Magani

Tun zamanin dā mutane sun san azurfa a wajen kuɗi da kayan ado, amma tana da wani aiki kuma wanda ba kowa ya san tarihinsa ba, wato yaƙi da cuta. Hirodotus, marubucin tarihi na ƙasar Girka, ya rubuta cewa idan sarkin Farisa zai fita yaƙi, akan tafasa masa ruwan sha, a zuba cikin tuluna na azurfa, alfadarai su yi ta jan su a bayansa. Mutanen wancan lokaci ba su san ƙwayoyin cuta ba. Sun dai lura ruwan da ke cikin azurfa ba ya saurin lalacewa.

A ƙarni na 19 ne likitoci suka kama wannan hanya sosai. A jihar Alabama ta Amurka, likita Marion Sims ya yi ta neman yadda zai ɗinke matan da suka sami yoyon fitsari wajen haihuwa. Zaren siliki yakan sa wurin ya ruɓe, amma da ya yi ɗinki da siririyar wayar azurfa a 1849, sai ciwon ya warke. Sai dai labarin yana da ɗaci, gama a kan bayi mata baƙar fata ya yi gwajinsa, ba tare da maganin kashe zafi ba. Wata mai suna Anarka an yi mata aiki har wajen sau 30.

A birnin Laifzig na Jamus kuwa, jarirai da yawa sukan makance saboda ciwon sanyi da suke ɗauka daga uwa a lokacin haihuwa. A 1881 likita Karl Kirede ya bayyana dabararsa: ɗigo ɗaya na ruwan gishirin azurfa a kowane idon jariri da zarar an haife shi. A asibitinsa, jariran da ke kamuwa da ciwon suka ragu daga wajen 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 cikin 100. Dabarar ta bazu cikin duniya, ta ceci idanun yara masu ɗimbin yawa. Yau a wurare da dama an maye gurbinta da man ido mai kashe ƙwayoyin cuta.

Da aka gano fenisilin a 1928, aka kuma soma amfani da shi ko'ina a shekarun 1940, sai aka ɗan juya wa azurfa baya. Masu ƙuna ne suka dawo da ita. A 1968 Charles Fox na Jami'ar Kolambiya a Niyok ya haɗa azurfa da wani magani, ya fitar da farin man da ake shafa wa ƙuna, wanda har yanzu ana samunsa a asibitoci.

Daga nan masana suka mai da hankali ga azurfa mai ƙanƙantar gaske. Akan auna ƙwayoyinta da nanomita, wato milimita ɗaya an raba shi kashi miliyan, kuma girmansu ba ya wuce nanomita 100. Saboda ƙanƙantarsu suna taɓa ƙwayar cuta ta ko'ina, su huda fatarta, su hana ta hayayyafa. Da fari da magunguna masu guba da tsada ake yin su. A 2003 masu bincike a birnin Fune na Indiya suka nuna cewa ruwan ganye ma yana iya wannan aiki, a 2004 kuma suka yi shi da ganyen dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi. Akan tafasa ganyen, a tace, a zuba cikin ruwan gishirin azurfa. In ruwan ya juya ya zama ruwan ƙasa, alama ce ƙwayoyin sun samu. Itacen nan da aka kawo daga Indiya, wanda ke ba da inuwa a titunan Maraɗi da Garwa da Tamale, shi ne ya shiga ɗakin bincike.

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Yawancin nasarorin azurfar ganye a faranti na gwaji aka same su da jikin dabbobi, ba a kai ga tabbatar da su a jikin mutane ba. Wanda ya daɗe yana shan ruwan azurfa, takan taru a fatarsa ta mai da ita shuɗiya-shuɗiya, launin kuwa ba ya fita. Saboda haka a 1999 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce ba ta amince da ruwan azurfa da ake sayarwa ba tare da izinin likita ba. An kuma ga wasu ƙwayoyin cuta da suka saba da azurfa har ba ta kashe su.

Amfanin azurfa da aka tabbatar a bayan jiki yake, a kan gyambo da ƙuna, a hannun wanda ya koyi aikin. Idan mai talla ya zo kasuwa da kwalba yana cewa ruwan azurfa na warkar da zazzaɓi ko ƙanjamau, mai hankali sai ya riƙe kuɗinsa, ya kai marar lafiyarsa asibiti.