Kansar maƙogwaro da aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda a asibitocin Nijar ake ce wa ORL, aikinsa wanke kunne ne da ciro abin da yaro ya cusa a hanci. Alhali shi likitan tiyata ne, kuma kansar da ke fitowa a baki, harshe, maƙoshi da wuya tana cikin manyan ayyukansa.

Mu ɗauki ta akwatin murya, wurin nan da ke motsi a wuya idan mutum ya haɗiyi yawu. Babban sanadinta taba ce, sai giya, haɗa su biyun kuma ya fi muni. Alamarta ta farko sau da yawa dusashewar murya ce kawai, ba zafi. Nan ake yin sake. Malami ko ladani ya ce yawan magana ne, wani ya ɗora wa hunturu, wani ya tafi wurin wanzami a yanke masa beli. Muryar da ta wuce mako 3 a dushe, ko kaluluwa mai tauri a wuya da ta ƙi bajewa, wurin wannan likita ya kamata a kai su.

Yakan zura siririyar na'ura mai fitila ta hanci ya leƙa. Idan ya ga tsiro, sai ya gutsuri kaɗan a kai awo, domin ido kaɗai ba ya yanke hukunci. In ƙarami ne, ana iya cire shi ta baki ko a ƙone shi da haske na musamman, murya ta tsira. Cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara irin wannan ƙonawar a 2021.

In ya ci wuri, sai a cire akwatin muryar baki ɗaya, wani lokaci har da kaluluwar wuya. Theodor Billroth ne ya fara wannan tiyata a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1873. Bayanta mutum ba ya sake numfashi ta hanci ko baki, sai ta wata kafa da ake buɗe masa a gindin wuya. Yana cin abinci yadda ya saba, amma jin ƙanshi na raguwa. Magana kuwa sai ya sake koyo: ko da iskar da yake haɗiya, ko da ɗan bututun da ake dasa masa, ko da na'ura mai batir da yake dafawa a wuya.

Iyalinsa su kula: kafar nan kai tsaye take zuwa huhu. A rufe ta da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura, a kiyaye ruwa lokacin wanka, kuma babu shiga kogi. Idan ya suma, ta wuyan ake ba shi iska, ba ta baki ba.