Wasan Zura Igiya: Hanya Mai Sauƙi ta Koya wa Yatsun Yaro Aiki

Duk wanda ya shiga ajin karatun manya ya san wahalar ranar farko. Ido yana ganin harafi a kan allo, hankali ya gane shi, amma hannu ya ƙi bin umarni. Manomin da yake wuni yana noma, da matar da take daka tun asuba, sai ka ga guntun alli ya gajiyar da su cikin minti goma. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin damtse daban, ƙwarewar yatsu daban. Ita wannan ƙwarewa tun ana ƙarami ake samun ta, kuma iyaye suna iya taimaka wa ɗiyansu su same ta a gida, ba tare da sun kashe ko dala ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin yin haka shi ne wasan zura igiya.

Mene ne wasan zura igiya?

Wasa ne da ake ba yaro igiya da wasu abubuwa masu huda a tsakiya, ya riƙa zura igiyar ta cikin hudar, ɗaya bayan ɗaya, har ya jera su kamar abin wuya. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Haka mata suke jera tsakiya da jigida, haka tela yake zura zare a allura, haka baduku yake bin huda da tsirkiyar fata. Abin da ake yi wa yaro shi ne a ƙara girman hudar, a ƙara kaurin igiyar, yadda za su dace da ƙaramin hannu.

Yadda hannun yaro yake girma

Yaro yana fara mallakar kafaɗa da damtse, sannan tsintsiyar hannu, daga ƙarshe yatsu. Jariri ɗan wata 6 da dukan tafin hannu yake damƙar abu. Tsakanin wata 9 da wata 12 yake fara tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya. Wajen shekara 2 da rabi yana iya murɗa murfi ya buɗe shi. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta sabunta jerin alamun girman yara a shekarar 2022. A cikin jerin ta nuna cewa yawancin yara ƴan shekara 3 suna iya jera manyan abubuwa a igiya, ƴan shekara 4 kuma suna riƙe abin rubutu da yatsu, ba da dunƙulen hannu ba, ƴan shekara 5 kuwa suna iya ɓalla wasu maɓallan riga da kansu.

Waɗannan shekaru ma'auni ne kawai. Wani yaro yakan riga, wani yakan ɗan jinkirta. Da rarrafe yaro kan tashi.

Amfanin wasan

Na farko, yana ƙarfafa yatsu ukun da ake riƙe alƙalami da su: babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya.

Na biyu, yana koya wa hannu biyu yin aiki tare, kowane da nasa aiki. Ɗaya yana riƙe abin, ɗaya yana tura igiya. Haka ake yi wajen rubutu: hannu ɗaya yana danne takarda, ɗaya yana jan alƙalami.

Na uku, yana haɗa ido da hannu. Tilas yaro ya dubi huda, ya auna, sannan ya tura.

Na huɗu, yana koyar da haƙuri da natsuwa. Igiya za ta kuɓuce sau da yawa kafin ta shiga.

Na biyar, yana buɗe ƙofar magana da lissafi, idan babba yana zaune kusa yana faɗin sunan launi, yana ƙirgawa tare da yaron.

Masana tarbiyya sun daɗe da sanin darajar irin wannan aiki. A shekarar 1907 wata likita mai suna Maria Montessori ta buɗe gidan renon yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum na ƙasar Italiya, inda ta riƙa ba yara ƙyallaye masu maɓalli da igiya don su koyi ɓallawa da ɗaurewa da kansu. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika kuma, daga 1986, ma'aikatan lafiya sun yi shekara 2 suna ziyartar gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar da su, mako-mako, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da ƴaƴansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa abin da suke samu a wurin aiki ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Wasanni iri-iri aka yi da waɗannan yara, ba zura igiya kaɗai ba, amma darasin a fili yake: kayan wasa marasa tsada, tare da kulawar uwa, suna da tasiri mai nisa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da UNICEF, a cikin jagorar kula da girman yaro da suka fitar a 2012, suka shawarci iyaye su riƙa haɗa wa yara kayan wasa da abin da ke cikin gida.

Kayan da ake bukata

Abubuwan zurawa:
1. Tsofaffin awarwaro na roba, waɗanda ba su tsage ba.
2. Kwali mai kauri, a yanka shi zagaye kamar faɗin tafin hannu, a huda tsakiya.
3. Murfin roba na gwangwanin madara. Babba ya huda shi da ƙusa mai zafi, nesa da yara, ya kankare bakin hudar.
4. Sakaina, a goga gefenta a kan dutse har ta yi sumul.
5. Babban kwarkwaron zare da ya ƙare a wurin tela.
6. Karan dawa busasshe, a yanka shi tsawon yatsan babba, a huda totuwarsa. A zubar da duk wanda ya tsage, domin bayan kara yana da kaifi.

Abin zurawa da shi: igiyar takalmi, ko igiyar kaba siririya, ko tsumma mai tsabta da aka yaga aka tufke. Idan bakin igiyar yana lanƙwashewa, a jiƙa shi da ruwan ƙaro a bar shi ya bushe, zai yi tauri. A ɗaya bakin kuma a ɗaure abu guda, don kada abin da yaro ya jera ya zube ta ƙasa.

A wanke duk abin da yake wankuwa da ruwa da sabulu, a shanya a rana. A aje kayan cikin ƙwarya mai faifai, a wurin da hannun yaro ba ya kaiwa.

Matakan wasan

Mataki na 1, daga wata 18 zuwa shekara 2. Ba a fara da igiya. Uwa ta riƙe muciya ko guntun icce marar tsini a tsaye, yaro ya riƙa zura awarwaro ko zoben kwali a jikinsa, yana cirewa. Cirewa ta fi zurawa sauƙi, saboda haka a bar shi ya fara da ita.

Mataki na 2, daga shekara 2 zuwa 3. A ba shi igiya mai tauri da abubuwa 3 ko 4 masu faɗin huda, wadda yatsan babba zai iya shiga. Da farko babba ya riƙe abin, yaro ya tura igiya. Idan bakin igiyar ya ɓullo, a nuna masa yadda zai kama shi ya ja. Wannan canjin hannu shi ne wuri mafi wuya a wasan.

Mataki na 3, daga shekara 3 zuwa 4. A rage girman huda, a ƙara yawan abubuwa zuwa 8 ko 10. Nan ne ake shigo da kara da kwarkwaro. Ana kuma iya yi masa allon ɗinki: a samu kwali, a zana kifi ko riga ko takalmi, a huda gefen zanen kewaye, yaro ya riƙa bin hudar da igiya, sama da ƙasa, kamar mai ɗinki.

Mataki na 4, daga shekara 4 zuwa 5. Idan yaro ya daina sa abu a baki, ana iya ba shi makaroni busasshe, ko ganyen mangwaro ya jera a siririyar igiya. A fara koya masa jeri: kara ɗaya, kwali ɗaya, kara ɗaya, kwali ɗaya. A tambaye shi: «Me ke biye?» Wannan tambaya ita ce mafarin lissafi.

Kada a wuce mataki sai yaro ya iya na bayansa ba tare da ɓacin rai ba.

Yadda babba zai zauna da yaro

A zaɓi lokacin da yaro ya ƙoshi, ya yi barci ya tashi. A shimfiɗa tabarma a inuwa mai haske. Minti 5 zuwa 10 sun isa, amma a riƙa yi a kai a kai.

A nuna masa sau ɗaya ko biyu, a hankali, sannan a miƙa masa. Kada a karɓe a yi masa don an ga yana jinkiri, domin a cikin wannan jinkiri yatsu suke koyo. Idan ya zura guda, a yaba masa: «Madalla, ka sa ɗaya! Ga na biyu.» Idan ya kasa, ba tsawa, ba duka, ba dariya. Idan ya gaji ya watsar, a tattara a bari sai gobe.

A riƙa yi masa magana: wannan ja ne, wannan fari ne, wannan babba, wannan ƙarami. A bar shi ya gwada da kowane hannu. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, kuma a wannan wasa hannu biyun duka suna da aiki.

Wasan na ɗiya maza ne da ɗiya mata baki ɗaya, tun da dukansu za su riƙe alƙalami. Kuma ba aikin uwa kaɗai ba ne. Uba idan ya dawo daga gona ko kasuwa, da kaka, da yayye masu hankali, duk suna iya zama da yaron.

Hattara

Rigakafi ya fi magani. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 kome ya samu baki yake kaiwa, maƙogwaronsa kuma ƙarami ne.

1. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3 ƙaramin abu. Ma'aunin da ake gwada kayan wasa da shi a Amurka da Turai wani bututu ne mai faɗin santimita 3 da ɗan kai. Abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya bai dace da ƙaramin yaro ba. A gida, a tabbata abin ya fi faɗin yatsu biyu na babba. Wannan ya hana tsakiya, da maɓalli, da murfin kwalba, da wake, da gyaɗa, da kuɗin ƙarfe.
2. Igiya kada ta wuce taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20, ga ƙaramin yaro. Kada a ɗaure masa ita a wuya, kada ya kwanta da ita.
3. Kada a yi amfani da ƴaƴan idon zakara, masu ja da ɗigon baƙi. Suna da kyan gani, amma dafinsu yana kisa, musamman idan an huda su ko an tauna. Haka ma ƴaƴan zurman, da na bini-da-zugu, da na zaƙami. A guji ganyen tumfafiya, domin ruwansa yana cutar da ido.
4. Ba allura, ba waya, ba tsinke mai tsini, ba gwangwani mai kaifin baki.
5. Kada a ɗauki murfi ko kwalin da ya taɓa maganin ƙwari, ko takin zamani, ko man fetur, ko da an wanke shi.
6. Kada a bar yaro shi kaɗai da kayan, ko na ɗan lokaci. Idan akwai mai rarrafe a gidan, a ƙirga kayan kafin wasa da bayan wasa.

Idan tsautsayi ya auku

Idan abu ya shaƙe yaro amma yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi ta tari, a tsaya kusa da shi. Idan ya kasa tari, ya kasa kuka ko numfashi, a yi kiran taimako, a sunkuyar da shi gaba, a buge shi da gindin tafin hannu a tsakanin kafaɗunsa har sau 5. Idan abin bai fito ba, kuma yaron ya wuce shekara 1, a tsaya ta bayansa, a sa dunƙulen hannu a saman cibiyarsa, a danna ciki da sama har sau 5. A yi ta maimaita biyun har abin ya fito. Kada a zura yatsa a bakinsa ana lalube, domin ana iya ƙara tura abin ciki. Ko abin ya fito, a kai shi likita a duba shi.

Idan abu ya maƙale a hanci ko a kunne, kada a sa tsinke ko ashana. A kai shi likita a ranar. Idan ana zaton ya haɗiyi ɗaya daga cikin ƴaƴan icce masu dafi, a tafi nan take, a riƙe samfurin abin da ya ci, kada a jira sai ciwo ya bayyana.

Yaushe ya kamata a nemi shawara?

A yi wa ma'aikacin lafiya magana idan yaro ya kai wata 18 bai iya tsintar abu da yatsu biyu ba, ko idan kullum hannu ɗaya yake motsawa ɗayan yana dunƙule, ko idan yana kai abu dab da idonsa kafin ya gan shi, ko idan ya daina yin abin da ya iya a da. Matsalar da aka gano da wuri ta fi sauƙin gyara.

Abin da za a fara yau

A duba cikin gida a samo kwali ɗaya da igiyar takalmi ɗaya. A yanka zobe huɗu, a huda, a wanke igiya. Gobe da hantsi a zauna da yaro a kan tabarma. Wanda yake zuwa ajin karatun manya yana iya kai kayan da ya haɗa ya nuna wa abokan karatunsa, kowa ya faɗi abin da ya samu a nasa gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da yatsunsa suka saba da aiki tun yana shekara 3, alli ba zai yi masa nauyi ba ranar da ya shiga makaranta.