Tarihin Lifidi da Maɗinkan da Ke Haɗa Shi

Jama'a, in ana ba da labarin yaƙe-yaƙen dā, sunayen sarakuna da na barade a ke ji, maroƙa kuma su su ke yi wa kirari. Amma akwai waɗansu mutane waɗanda ba sa hawan doki, ba sa riƙon mashi, ga shi kuwa ran barde da na dokinsa a hannunsu ya ke. Su ne maɗinkan lifidi. Ya kamata a tuna da su a cikin wannan ɗan littafi, don aikinsu ya nuna yadda sana'a ke tafiya a ƙasarmu tun gabanin zuwan Turawa.

Lifidi dai tufa ce mai kauri wadda a ke sa wa doki da mahayinsa ranar yaƙi. Akan sami ƙyalle biyu, ɗaya bisa ɗaya, a cusa audugar rimi ko audugar gona tsakaninsu, sa'an nan a bi da allura a tsaga ɗinki layi layi, har ya zama kamar katifa marar nauyi. Masana harshe sun ce kalmar daga Larabci ta fito, daga sunan wani irin tufa mai kauri na gashi da a ke shimfiɗawa a bayan doki.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci cikin 1908, ya faɗi wanda ya fara kawo lifidi Kano. Shi ne Kanajeji ɗan Yaji, sarki na 13, wanda a ke lissafa sarautarsa daga 1390 zuwa 1410. An ce shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, dalili kuwa yawan mutanen da aka kashe masa a yaƙin Umbatu. Ashe tun farko hasara ce ta haifi wannan sana'a.

To, me ya sa auduga ta zama makami? Babban abin tsoron mai doki a wancan zamani shi ne kibiya mai dafi. Maharba sukan dafa 'ya'yan kwankwani su shafe bakin kibiya, ko ƙwarzane kaɗai ta yi ta isa ta kā da doki. Doki kuwa dukiya ce mai tsada ƙwarai. Kibiya in ta sami lifidi sai ta nutse cikin auduga, ƙarfinta ya ƙare ba ta kai ga fata ba. Audugar rimi ba ta kaɗuwa ta zama zare, gama tana da santsi, amma ba ta da nauyi, kuma ba ta saurin shan ruwa, shi ya sa ta dace da cusawa. Sai dai santsin nan nata shi ke sa ta zame ta taru wuri guda, in ba a tsare ta da ɗinki kusa da kusa ba. Inda maɗinki ya yi ha'inci ya bar tazara, nan auduga za ta gudu, nan kuma kibiya za ta shiga. Saboda haka kowane layi na ɗinkin nan amana ne.

Ba mutum guda ke yin lifidi ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun daga cikin gida aikin ke farawa, mata su gurje auduga bisa magurji, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa shi ƙwarya ƙwarya, watau dogayen sawaye marasa faɗi. Marina su tsoma shi a karofi da baba, irin karofin Ƙofar Mata a Kano wanda a ke cewa an kafa shi cikin 1498. Daga nan sai ya zo hannun maɗinka, su harhaɗa sawayen nan gefe da gefe, su yanka bisa ƙirar doki da ta mutum. Akwai na ƙirjin doki, da na wuya, da wanda ke rufe gindinsa har ƙasa. Na mahayi kuma akwai bantan lifidi mai kare cinya da ƙugu, da safa mai rufe jiki daga sama, da kumakumi. Dukawa su kawo ɗamara da igiyoyin fata, maƙera su kawo ƙarfen kwalkwali. Sau da yawa akan yanka ƙyalle ja da fari da baƙi da rawaya ƙanana ƙanana a jera su a fuskar lifidin, don ado da kuma don a gane barde daga nesa.

Wannan rabon aiki ba ga lifidi kaɗai ya tsaya ba, haka a ke yin babbar riga. Wani ya haɗa jikin riga, wani gwani ya zana aska biyu ko aska takwas a bisa aljihu, waɗansu su cika zanen da zaren tsamiya ko na alharini, kāna mabuga su buge ta ta yi sheƙi. Da yawa daga cikin masu aikin allurar nan almajirai ne da gardawa, waɗanda ke ci da kansu da ita suna karatu. Yaro yakan fara da haɗa sawu, ya daɗe a kai kafin maigidansa ya yarda ya taɓa gaban riga. Kowace sana'a kuma da shugabanta wanda sarki ya sani, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa da Sarkin Magina. Shi ke raba gardama tsakanin 'yan sana'a, shi ke tara haraji, in kuwa fada na bukatar aiki mai yawa, ta bakinsa a ke kiran mutane a raba musu. Ga yadda wannan tsari ya bunƙasa, Barth, Bajamushen da ya sauka Kano cikin 1851, ya kimanta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300.

Matafiya Turawa sun ga 'yan lifida da idonsu. Denham, wanda ya isa Kukawa wurin Shehu Laminu cikin 1823, ya ga barade masu sulke na Barno, littafin tafiyarsa kuma na ɗauke da hoton barden Bagarmi shi da dokinsa cikin lifidi. Cikin 1826 Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya ta Gobirawa, ya ga yadda aka sa 'yan lifida gaba suka nufi ganuwa. Ba su da yawa a cikin runduna, gama kayan na da tsada, sarki ne ke ajiye su ya ba amintattun bayinsa da barorinsa. A Kano har sarautar Lifidi gare su. Amfaninsu shi ne su zama katanga mai tafiya, su sha kibau, na baya su samu matsowa.

Amma kowane gwani da abin da ya fi ƙarfinsa. Lifidi na hana doki sauri, yana kuma gajiyar da shi cikin zafin rana. Wanda ya faɗi da shi, tashi sai da taimako. Abokan gaba kuma sun gane auduga abincin wuta ce, sai su riƙa harbo kibau masu wuta. Babban abin da ya karya shi kuwa harsashi ne. A ranar Konya ɗin nan Clapperton ya ga bindiga daga cikin gari ta kā da na gaban 'yan lifida, audugar ba ta tsare kome ba. Muddin bindigogi kaɗan ne, kuma masu jinkirin ɗuri, lifidi na da sauran amfani. Da Turawa suka zo da igwa da bindiga mai ruwa, suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya rasu, suka shiga Sakkwato ran 15 ga Maris, sai zamanin yaƙin doki ya ƙare. Sana'ar da ta yi shekara wajen 500 tana tsare rayuka ta wayi gari ba fagen da za ta.

Abin da ya hana ta mutuwa shi ne hawa. Sarakuna ba su bar fita da 'yan lifidarsu ranar Salla ba, Turawa kuma suka ga abin ya ƙayatar, suka riƙa tara sarakuna don manyan baƙi. An yi hawan daba a Kano cikin 1925 don ɗan Sarkin Ingila mai jiran gado, aka yi a Kaduna cikin 1956 don Sarauniya Elizabeth, aka kuma yi a Kaduna cikin 1977 lokacin bikin FESTAC. Cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gāda. Sai dai bukata ta sāke. Lifidin hawa don ido a ke yinsa, ba wanda zai gwada shi da kibiya. Yadin kanti ya maye gurbin saƙi a mafi yawan ɗinki, keken ɗinki kuma ya rage wa allura aiki, har mutum guda na iya gama abin da dā sai an taru.

Nan ne abin lura ya ke. Ilmin nan ba a takarda aka ajiye shi ba, a hannun mutane ya ke, kuma a rarrabe, kowa da ɗan yankin da ya iya. In mai kaɗi ta bari, masaƙi ya bari, wanda ya san tazarar ɗinki da yawan audugar da ta dace ya rasu bai koya wa kowa ba, to, ko da tsohon lifidi na rataye a gidan tarihi, ba mai iya yin irinsa. Don haka muna roƙon duk wanda ke da tsoho mai wannan sani a gidansa ko unguwarsa, ya zauna da shi, ya tambaye shi sunan kowane yanki da yadda a ke haɗa shi, ya rubuta, ya kuma kai masa yaro ya koya.

Allah ya ji ƙan magabatanmu masu sana'a, ya sa albarka ga waɗanda suka gāje su, amin.