Ɗan Maƙerin Makullai da Ya Auna Turjiyar Waya

Duk ɗalibin da ya ratsa ajin kimiyya a sakandare ya haddace cewa idan aka raba matsin lantarki da yawan wutar da ke gudana cikin waya, abin da ya fito shi ne turjiyar wayar. Malami kan rubuta wannan ƙa'ida a allo cikin minti guda ya wuce. Amma wanda ya tabbatar da ita, wato Georg Simon Ohm, sai da ya shekara goma sha huɗu kafin duniyar masana ta yaba masa.

An haifi Ohm a garin Erlangen na ƙasar Jamus a 1789. Mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya koya wa kansa lissafi, shi ne kuma ya ɗora 'ya'yansa a kai. A 1817 Ohm ya sami aikin koyarwa a wata makarantar sakandare a Kolon. A wancan zamani batir ɗin da Volta ya ƙirƙiro a 1800 shi ne madogarar masu bincike, kuma a 1820 Oersted ya gano cewa wutar da ke bin waya tana karkatar da allurar maganaɗisu. Da wannan allura aka sami ma'auni. Sai dai batir ɗin ba shi da alƙawari, domin kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi ana cikin awo, shi ya sa lissafin da Ohm ya fara bugawa a 1825 bai fita daidai ba.

Poggendorff, editan mujallar da ke buga ayyukansa, shi ya ba shi shawarar ya jingine batir. Sai Ohm ya haɗa tagulla da wani ƙarfe mai suna bismut, ya tsoma mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗaya kuma cikin ƙanƙara. Muddin ruwan na tafasa, ƙanƙarar kuma ba ta gama narkewa ba, matsin ba ya canzawa. Ya riƙa saka wayoyin tagulla guda takwas masu kauri ɗaya amma tsawo daban-daban, yana duba karkatar allura. Ya tarar duk sa'ad da waya ta ƙara tsawo wutar kan ragu bisa tsari sananne. A 1827 ya buga littafinsa a Balin.

Littafin bai karɓu ba. Wasu malaman Jamus na lokacin falsafa ta fi rinjaye a zukatansu, suna ganin lissafi da awo ba su isa su bayyana sirrin halitta ba. Shi ma Ohm, a gaskiya, ya cika littafin da lissafi mai tsauri wanda ya aro salonsa daga binciken Fourier a kan zafi. Ya ajiye aikinsa na Kolon, ya zauna a Balin yana 'yar koyarwa cikin ƙunci har 1833, lokacin da ya sami gurbi a Nuremberg. Daga waje yabo ya zo: a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar Copley. Kujerar farfesa a jami'ar Munich kuwa sai a 1852, saura shekara biyu ya rasu. Wani abin mamaki, Cavendish na Ingila ya hango wannan alaƙa tun 1781, yana auna wutar da jikinsa, amma bai buga ba, sai a 1879 Maxwell ya fito da rubuce-rubucensa.

Ɓangaren ƙarfin aiki kuma Joule ne ya haska shi a 1841, inda ya nuna cewa idan wuta ta ninka sau biyu a waya, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa. A taron Faris na 1881 aka amince da om, bolt da amfiya a matsayin ma'aunai, wat kuma ya biyo baya a 1889.

Bari mu gwada da dutsen guga, wanda babu ɗakin kwanan ɗalibai da ya rasa shi. A ce matsin bolt 240 ne, dutsen kuma yana jan amfiya 5. Raba 240 da 5, turjiyarsa om 48 ke nan. Ninka 240 sau 5, ƙarfinsa wat 1,200. To, idan wuta ta zo da rauni, matsin ya faɗi zuwa bolt 120, turjiya tana nan kusan yadda take, don haka amfiya 2.5 kaɗai zai ja. Ninka 120 sau 2.5, wat 300 ya rage. Matsi ya ragu da rabi, amma zafin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ga mai guga ya daɗe yana goga riga ɗaya ta ƙi miƙewa.